Kwanon Ladan

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifina ya kira sunana ba, ban kuma taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba. In zai kira ni sai ya ce "ke", in abinci ya zo ina wurin sai ya ture shi gefe har in fita. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, haka na tashi na ga ana yi. Da mahaifiyarmu ta rasu sai girkinsa ya dawo hannuna, don gida huɗu ne tsakanin gidan aurena da gidanmu a nan Matameye. Ƙanena, namiji ɗaya da ya rage masa, rabin shekara yana Legas wajen cirani, in ya tafi kuma matarsa takan koma wurin iyayenta a Dungu. In na taso daga lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, sai in ɗora tukunya, kafin magariba na kai kwanon Baba na ajiye masa a zaure.

Ba a gida yake cin tuwon nan ba. Da an kusa kiran salla sai ya ɗauki kwanon a hannun hagu, sanda a dama, ya nufi masallacin unguwa. Masallacin ƙasa ne ƙarami mai rufin azara, sahu uku yake ci in an matsa, kuma bai fi taku hamsin daga ƙofar gidanmu ba. Iyakar abin da gwiwoyin Baba ke iyawa ke nan, sau biyar a rana. A gaban masallacin akwai dakali da ɗan fili mai rairayi, nan tsofaffin unguwa su takwas ke ciyayya tsakanin magariba da lisha tun ina yarinya. Kowa ya zo da kwanonsa a rufe ya miƙa wa ladan. Ladan ne ke jera su a gindin bango, shi ne kuma mai buɗewa. Ya jawo ɗaya tsakiya, kowa ya sa hannu, in ya ƙare ya mayar da shi baya ya jawo wani. Ba a tambayar na wane ne wannan, ba a yabon miya, ba a kushe ta.

Wannan rashin yabon ya sha ƙona mini rai. In samu ɗan nama in yi wa ubana miya, in tsaya kanta hayaƙi na cin idona, sai ta ƙare a bakin wani tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, da ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau. Sau ɗaya na yi ƙorafi. Ina tsaye bakin zaure na ce, "Baba, da kun riƙa cire naman kuna ci a gida kafin ku fita."

Bai ɗago ba ya ce, "Ke, kwanon ciyayya ba shi da mai shi."

Daga nan ban ƙara ba, sai dai in yi tsakina a madafa.

Ladan abokin Baba ne tun suna samari, tare suka yi ga-ruwa a Kano lokacin da suke da ƙarfi. Dogo ne siriri, muryarsa ta tsufa har tana karyewa a tsakiyar kiran salla, kunnensa ma ya yi nauyi, amma ba wanda ya taɓa cewa a canza shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuma ba su rayu ba. Shi ke share masallaci, shi ke cika randar alwala, da rana kuma yana tufkar igiya a inuwar bango ya sayar. Shi da Baba sukan zauna daga azahar har la'asar, wata rana ba mai cewa uffan, wata rana kuma suna gardamar wane ne ya girmi wani, gardamar da ba takarda ba shaida.

Ginin ƙasa sai da yaɓe. Kowace shekara in 'yan cirani suka dawo gab da faɗuwar damina, akan yi gayya ta yini ɗaya. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, matasa su yaɓe bango, a hau rufi a toshe tsaga, a gyara indararo, mu mata namu kawo ruwa da fura. Bangon gabas aka fi ba ƙarfi, don daga can hadari ke tasowa, shi ruwa ke duka. A shekarar da nake magana ƙanena da abokansa suka dawo da hotunan masallatan birni a wayoyinsu, masu fenti da fanka da hasumiya. Aka yi taro bayan la'asar, aka kafa komite, ƙanena har da littafi da biro. Suka ce an daina ɓata ƙarfi a laka, da an yi kaka za a rushe a yi na siminti. Baba ya ce, "To ku yaɓa mana gabas kawai, ya kai mu kakar." Ƙanena ya ce, "Haba Baba, wa ke yi wa abin da za a rushe kwalliya?" Aka yi dariya. Tsofaffi suka yi shiru, don ba mai son a ce shi ne ya ja da masu niyyar gina ɗakin Allah. Ni ma, kada in yi ƙarya, da labarin ya iso mini na goyi bayan yaran. Na ce lokaci ya yi da unguwarmu za ta shiga sahun mutane.

A tsakiyar damina aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta uku da hantsi, gari har ya washe, sai bangon gabas ya zube ya ja rabin rufi. Allah ya tsare ba kowa a ciki, ladan ya tafi ɗebo ruwa. Tsofaffin ba su ce ai mun faɗa ba, ni kuwa da ni ce da sai kowa ya ji. Suka kafa 'yar rumfar kara a gefen da ya tsaya suka ci gaba da salla, dakali yana nan, ciyayya tana nan. Haka aka kai kaka.

Bayan an shigo da gero sai komite ya tashi da ƙarfinsa. Aka rushe sauran ginin a yini biyu. Suka ce tunda za a yi a yi babba, aka ja igiya aka haƙa harsashi ya haɗiye dakali, ya haɗiye filin rairayin nan. Aka jera bulo layi uku, aka tsayar da ƙarafa a kusurwoyi, mota ta zo ta juye yashi da tsakuwa a ɗan wurin da ya rage, har hanyar ma sai an raɓa. Sanyi na shigowa suka ɗaure jakunkuna, wannan Legas, wancan Kano, wancan Fatakwal. Suka ce da abin da za su samo za a ɗora. Suka bar wa tsofaffi takwas rami da ƙarafa da tulin tsakuwa.

Cikin mako biyu jama'ar ta watse. Biyu masu sauran ƙafa suka koma babban masallaci na bakin titi. Direban kamiyo jikansa ya riƙa ɗaukarsa a babur zuwa wani masallaci a wata unguwa. Liman ya mayar da salla zaurensa, zauren da ba ya cin mutum biyar, ga shi can ƙarshen unguwa bayan wani kwari da Baba ba ya iya sauka. Ladan ya yi kwanaki yana hawa tulin yashi yana kiran salla, sai kowa ya ji ya yi tasa inda yake, shi ma ya sauko ya yi shi kaɗai a tsakanin bulo. Wata asuba ba mu ji shi ba, daga nan kuma ya daina kira. Baba ya shimfiɗa buzunsa a zaure, salla biyar duk a nan, ya idar ya jingina da bango yana jan carbi yana kallon ƙofa.

Sai kwanona ya fara dawowa. Da safe in je ɗauka in tarar an gutsuri loma biyu ko uku a gefe, sauran ya sandare. Na ce ko tuwon gero ne ya gundure shi, na koma shinkafa da wake. Ya dawo. Na yi ɗanwake, na yi dambu da zogale, na dama fura da nono mai kyau, na yi kunun tsamiya irin wanda mahaifiyarmu ke yi masa. In na tambaya ya ce, "Alhamdu lillahi, na ci." Rigarsa ta fara yi masa yawa a kafaɗa. Shi da yake gyara gemunsa ya daidaita duk Juma'a, sai ya bar shi ya yi buzu-buzu. Rediyonsa ma ya daina kunnawa. Ranar da na ga ya kama bango da hannu biyu kafin ya miƙe daga sujada, gabana ya faɗi.

Na matsa masa har ya yarda muka je likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya auna shi ya ce tansiyo, wato jininsa, ta ɗan hau amma ba wani abin tashin hankali, ya danna cikinsa, ya duba idonsa, ya juyo wurina ya ce, "Madam, tsohon nan yana cin abinci kuwa?" Ya faɗa da wata murya kamar ni ce ke hana shi. Na haɗiye abin da ya zo mini baki. Ya rubuta maganin buɗe ciki, na saya, Baba ya sha ba gardama, kwano ya ci gaba da dawowa yadda yake.

Na san dai kaɗaici ne, wannan ba sai an je makaranta ba. Mutumin da ya yi shekaru yana sa hannu cikin kwano tare da hannuwa bakwai, ka ajiye shi shi kaɗai da bango. To amma da wa zai ci? Na gwada zama kusa da shi da nawa kwanon, ya dube ni kamar na zo da wani abin kunya, ya ce in tafi yara na jirana. Maigidana suruki ne, ko ruwa ba zai sha a gabansa ba, shi ma Baba haka. Ɗansa da zai iya zama da shi yana can yana tura baro a Legas. Duk ƙofar da na taɓa sai in tarar al'ada ta riga ni ta sa mata sakata. Na kira ƙanena a waya, ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Yaya, lafiya dai?"

"Ina fa lafiya. Ubanka ba ya cin abinci."

"Subhanallahi. Kin kai shi likita?"

"Na kai. Ciwonsa ramin nan ne da kuka haƙa kuka tafi kuka bari."

"Haba Yaya, aikin Allah fa muka ɗauko. Siminti ya yi tsada, naira ta faɗi, kowa ta kansa yake. Kuma ai malamai sun ce mai uzuri in ya yi salla a gida ladansa cikakke ne."

"To malaman su zo su ba shi tuwo a baki."

Na kashe wayar, na yi istigfari, amma zuciyata ba ta huce ba. Lada ban musa ba, Allah ba ya tauye kowa. Ni dai wuyan ubana nake gani yana ƙara tsawo kullum.

Na yi wata dabara. Na je da safe na ce, "Baba, tunda masallaci bai tashi ba, ku kira su nan zaure mana ku riƙa cin tuwonku. Ga wuri, ga tabarmi, ni zan riƙa sharewa."

Ya ce, "A zaurena?"

Na ce, "E."

"In sun zo nan sun zama baƙina. Ƙofar masallaci ba ta kowa ba ce, wanda ya zauna can bai ci na kowa ba."

Na fita ina cewa a raina taurin kan tsufa ne kawai. Zaure da ƙofar masallaci, ba duk ƙasa ce ake shimfiɗa tabarma a kai ba?

Na yanke shawarar in je wurin matar liman, ko ta sa mijinta ya lallashe shi. Hajiya ce tsohuwa, ƙawar mahaifiyarmu, bakinta ba ya ɓoye magana. Na same ta tana tsinke zogale a tsakar gida, na zauna ina taya ta, na zayyana mata komai tun daga shinkafa da wake har zancen zaure. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Madam, karatun lakwal dai kika yi. Tun da matar ladan ta rasu, kin taɓa ganin hayaƙi a gidansa da yamma?"

Na yi tunani na ce, "Ban lura ba. Amma ai kullum da kwanonsa yake zuwa."

"Da shi yake zuwa, a wanke, a rufe, ba komai ciki. Don me kike tsammani shi aka bar wa buɗewa? In an ci uku an ci huɗu sai ya zare murfin nasa ya tura shi cikin waɗanda aka cinye. Duk sun sani. Mu ma mun sani, uwarki ta sani, shi ya sa muke ƙara malmala ɗaya. Ba wanda ya taɓa furta shi, ko a tsakaninsu. Ubanki ba ciwo gare shi ba, 'yar nan. Tuwon ne ba ya wuce masa, ya san wancan bai ci ba."

Hannuna ya tsaya a kan zogale. Na tuna tsakin da na sha yi a kan nama, kunya ta rufe ni. Na ce, "To yanzu me yake ci?"

Ta nuna mini wani ƙusa a bango, igiyoyi sababbi sun fi goma a rataye. Ta ce, "Akuya biyu gare mu. Kin ga duk waɗannan? Haka gidan direba ma. In ya sayar ya sayi fura da rana, wata rana ƙosai. Ba ya isa, mun sani, muna ta neman dabara. Na faɗa miki ne don ki daina jan tsoho zuwa likita. Ki bar shi a cikinki."

Ban bar shi ba. Ni ba ni da haƙurin dabara, kuma a lokacin abin ya zo mini da sauƙi ƙwarai. Tsoho yana jin yunwa, ina da tukunya, in ya ci ubana zai ci. Me ya rage? Har haushinsu na ji, manyan mutane da gemu sun zauna suna sayen igiyar da ba su da abin ɗaurewa, alhali tuwo ne kawai za a ɗauka a kai. Washegari na tuƙa tuwo, na yi miyar kuɓewa da nama, na zuba kwano biyu. Na ajiye na Baba, na ɗauki ɗayan na nufi gidan ladan gab da magariba, lokacin da kowa ke ƙofar gida. Tela na zaune gaban shagonsa da mutum uku, mata na layi a famfo. Na yi sallama, ya fito yana gyara hula. Saboda nauyin kunnensa sai da na ɗaga murya.

"Baba ne ya ce a kawo muku."

Ƙarya na yi, na ga kamar zai fi karɓa in ya ji daga abokinsa ne. Ya dubi kwanon, ya dubi wajen shagon tela, ya dawo da idonsa kaina.

"Ɗiyata, biki ake a gidanku?"

"A'a, Malam."

"Suna ne?"

"A'a, tuwo ne kawai. In sha Allahu kullum ma zan riƙa kawo muku."

Wannan ma da ƙarfi na faɗa. Ya sa hannu biyu ya karɓa ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Na juyo ina jin daɗi, har ina tunanin yadda zan ba Hajiya labari cewa abin da ya gagare su wata biyu na gama shi a yamma ɗaya.

Da safe na tarar da kwanon a ƙofar gidana, an wanke shi fes, a ciki an naɗe sabuwar igiya. Ya biya ni ke nan. Ban gane ba, ko kuma na ƙi ganewa, da yamma na sake ɗauka na kai. Na tarar ƙofarsa a ɗaure, tela ya ce ya fita tun la'asar, yana faɗa yana kallon keken ɗinkinsa. Na dawo da tuwon. Kwana biyu bayan nan aka ce ladan ya kai randar masallaci da butoci gidan liman, ya shiga motar kasuwa da buhu ɗaya, ya koma wurin ɗan 'yar'uwarsa a wani ƙauye bayan Kurni.

Washegari da na je ɗaukar kwano Baba ya tsayar da ni. Yana zaune a kan buzu, bai dube ni ba.

"Ke. Ni na aike ki?"

"A'a, Baba."

"Da sunana kika je."

Ya ci gaba.

"Shekara nawa muna rufe da kwano ɗaya, ba wanda hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ladan ya biyo nan kafin ya shiga mota. Ya tsaya nan inda kike tsaye, ya ce ya ga saƙo ya gode. Godiya ya yi mini! Mun fi shekara hamsin tare, ba godiya tsakaninmu."

Ya ɗaga hannu alamar in tafi. Tun da nake ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon wannan ba.

Na yi kuka a hanya, amma ba kukan nadama zalla ba ne. Akwai fushi a ciki, kuma har yau yana nan. Na so in koma in ce, to da ya faɗi da yunwa a ɗakinsa fa, mutuncin ne zai tashe shi? Na so in ce me ya sa ba wanda ya faɗa mini tun ranar da aka miƙo mini muciya, sai aka bar ni ina girki a cikin duhu shekara da shekaru? Ina fushi da yaran da suka rushe abin da ba su san yana ɗauke da wani abu ba, ina fushi da tsofaffin da komai nasu shiru ne, ina fushi da kaina da aka ce in bar shi a cikina na kasa kwana ɗaya. Garin neman gira na rasa ido. Hajiya da muka haɗu a wani gidan gaisuwa sallamata kawai ta amsa, a taƙaice.

Bayan tafiyar ladan Baba ya ƙara lalacewa. Loma ukun ta koma ɗaya, wata rana ko murfin ba a ɗaga ba, sai ɗan koko da safe. Salla ya koma yi a zaune. In na shiga gaishe shi sai in tarar yana kwance da rana tsaka, fuska a bango, abin da bai taɓa yi ba. Na fara tsoron zuwa da safe. In na kusa zauren sai in tsaya in saurara ko zan ji tarinsa kafin in yi sallama.

An yi kamar wata ɗaya a haka. Wata Juma'a ya ce, "Ke, ki ce wa maigidanki in yana da sarari ranar Lahadi ya kai ni wajen ladan." Na ce Baba hanyar ba kyau, ga jikinku, babur ne fa. Ya ce ya ji. Na ga dai ba fashi, sai na ce to bari in wanke laifina. Ranar Asabar na sayi shinkafa da mai da sukari, na soya kaza, na ɗaure su a zane. Lahadi bayan asuba maigidana ya kawo babur ƙofar gida, na fito da ƙunshin. Baba ya dube shi.

"Mene ne wannan?"

"Tsaraba ce, Baba."

"Mayar."

"Haba Baba, wa ke zuwa gidan mutane hannu rabbana?"

"Ni. Ko goro ba zan riƙe ba."

Na miƙa masa koko ya ce a bari, ba zai karya ba. Muka ɗaga shi ni da maigidana muka ɗora a bayan babur, bai fi nauyin ɗan makaranta ba. Ya ƙi kama surukinsa, ya riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, sandarsa a kan cinya. Na tsaya da kazata a hannu har suka sha kwana. Yinin nan ban iya yin komai ba, na gyara takardun yara biyar na ajiye biro.

Sai bayan la'asar suka dawo. Baba ya shiga ya kwanta don gajiya, ni kuma na tsare maigidana tun bai cire takalmi ba. Ya ce sun isa da hantsi, suka sami ladan a gindin wata bedi yana tufka. Da ya ga Baba sai ya miƙe, suka gaisa gaisuwar nesa-nesa, irin ta mutanen da ba su saba ba. Shi maigidana ya ja babur can gefe ya juya musu baya. Ya ce can sai ya ji Baba ya ɗaga murya yadda ladan zai ji ya ce, "Ni fa ban karya ba. Akwai abin da ya kwana a gidan nan?" Ladan bai aiki kowa ba, da kansa ya shiga ya fito da kwano a rufe, ya ajiye a tsakaninsu ya buɗe.

Na ce, "Me aka ba su?"

Ya ce ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, ba mai ba nama, ya gani lokacin da aka wuce da shi. Ya ce bai kalla ba, amma yana jin ƙarar hannu a gindin kwano. Sai kuma ya ji Baba ya ce, "Babu ƙari?" Ladan ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai, da tsufanka ka zama acici," ya sake shiga ciki.

Na tambaye shi sau biyu ko ya tabbata ƙari ya ce. Ya ce da kunnensa ya ji. Ya ce kuma a hanyar dawowa, sun kusa shigowa gari, Baba ya tambaye shi ko Lahadi mai zuwa ma yana da sarari.

Yau wata biyu ke nan suna zuwa duk Lahadi. 'Yan cirani sun dawo, an ƙara layi biyu a kan bulon, aka ce sauran sai bayan kaka, kowa ya tafi sharar gona. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma maigidana ya ce in ruwa ya sauka sosai hanyar ƙauyen ba ta biyuwa da babur. Ban faɗa wa Baba ba. Ina nan ina tuƙa tuwo kullum, ina kaiwa, ina ɗauko shi da safe an taɓa gefe. Sau ɗaya a mako ubana ke ƙoshi, a wani ƙauye bayan Kurni, da ɗumamen mutumin da na kora.